Yadda ake rainon sabuwar sana'a a gindin babban kamfani

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Yamai zuwa Tahoua da damina, ya wuce Dosso da Dogon Dutse ya nufi Ƙonni, ya ga abin da zan faɗa ko da bai lura ba. A gindin yawancin manyan itatuwa hatsi ba ya yin kirki. Inuwa ta danne shi, ya tashi siriri, ganyensa rawaya-rawaya. Gindin gawo kuwa daban ne. Gawo yana zubar da ganye da damina, daidai lokacin da shuka ke neman rana, ganyen kuma ya zama taki, sai ka tarar geron da ke gindinsa ya fi na sauran gona kauri. Shi ya sa manomi ba ya sare shi.

Babban kamfani ma itace ne mai inuwa. Yana da kuɗi da motoci da magaza cike da kaya, yana da suna a kasuwa, yana da ma'aikata masu kai. Duk da haka sai ka ga yaro mai jika 300 na sefa da babur ɗaya ya fara abin da kamfani ya shekara uku yana taro a kansa. Na yi shekaru ina aiki a wani babban kamfanin sarin kayan masarufi a nan Yamai: shinkafa, mai, sukari, taliya, sabulu. Sau biyu aka ɗora mini nauyin fito da sabon reshen ciniki. Na farko ya mutu a hannuna, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Na biyu ya rayu. Dabarar kusan iri ɗaya ce a duka biyun. Abin da ya bambanta su shi ne a karo na biyu kamfanin ya yarda ya zubar da ganye. Ga matakan, kamar yadda zan zayyana wa ƙanena idan aka ba shi irin wannan aiki gobe.

Mataki na 1: Maigida ya fara yanke shawara, kuma a rubuce

Kada ka motsa kafin mai kamfani ko babban darakta ya sa hannu a takarda guda, shafi ɗaya tak. Baki ba ya isa, don ranar da ciniki ya yi sanyi, abin da aka faɗa a bakin ƙofar ofis kowa zai tuna shi yadda ya ga dama.

Takardar ta amsa tambayoyi huɗu. A wane fage ake neman sabon abu? Nawa kamfani zai iya asara ba tare da an ga laifin kowa ba? Wata nawa za a yi kafin a fara tambayar riba? Ta huɗu ita ce mai ɗaci: idan sabon abin ya fara cin cinikin tsohon, za a bar shi ya ci?

A kan wannan ta huɗun manyan kamfanoni ke faɗuwa. A 1975 wani injiniyan Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar da ba ta buƙatar fim. A cikin gidansu aka ƙera ta. Amma arzikin Kodak a sayar da fim da wanke hoto yake, don haka shugabanni ba su ga dalilin gaggawar fitar da abin da zai kashe musu kasuwa ba. Wasu suka fitar, kasuwar fim ta mutu, a Janairun 2012 Kodak ya shigar da takardar fatara a kotu. Idan maigidanka ya kasa amsa tambaya ta huɗu, ka gaya masa cikin ladabi cewa lokaci bai yi ba. Gara ka ci gaba da aikinka da ka ɗauki amanar da za a ƙwace tun ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Mataki na 2: Ka nemo matsala, shawara za ta biyo baya

Abin da kamfanoni suka fi yi shi ne su rataye akwatin shawara a bakin ofis, ko su kira taro a otal a ce kowa ya kawo sabon tunani. Na ga akwatin nan a wurinmu. Ƙura ce ta cika shi. Ma'aikata suna da tunani, sai dai tambayar ce ba daidai ba. Ka tambayi direba ya kawo sabuwar dabara, zai yi shiru. Ka tambaye shi me masu shaguna suka fi yi masa ƙorafi a kai idan ya je sauke kaya, sai ka gaji da rubutu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Don haka ka fara da mutanen da ke gogayya da masu saye kullum: direbobi, karnukan mota, masu karɓar kuɗi a kanta, mai kula da magaza, har mai gadi, don shi ne ke ganin wanda ya juya a ƙofa bai sayi komai ba. Ka ware mako biyu kana zama da su ɗaya bayan ɗaya, a inda suke aiki, ba a ofishinka ba. Daga nan ka fita wurin masu sayen da kansu. Mutum 20 zuwa 30 sun isa, muddin ka zauna da kowanne da gaske.

A karon farko mun ɗauka mun san matsalar. Masu ƙananan shaguna na unguwanni kamar Talladje da Lazare suna rufe shago da safe su tafi sari Wadata ko Babbar Kasuwa, su dawo rana ta take. Muka ce to, sufuri ne ciwonsu, bari mu riƙa kai musu kaya har ƙofa. Sai wata safiya na zauna a shagon wani dattijo, a kan buhun shinkafa, yana ba yara sukarin dala goma-goma a leda. Na gama yi masa bayani, ya ɗan yi shiru, sannan ya jawo wani littafi da gefensa ya yi baƙi don yawan taɓawa, ya buɗe mini. Sunayen matan unguwa ne da bashin da yake bin su.

Ya ce, "Ɗana, zuwa kasuwa bai dame ni ba, a can nake jin labarin farashi. Abin da ya dame ni, kuɗina rabi yana cikin littafin nan sai ƙarshen wata. Ku kuma ba ku sayar da rabin katan. In na sayi katan guda na sabulu, ban da kuɗin taliya."

Na ce, "Baba, in aka haɗa maka rabin wannan da rabin wancan fa?"

Ya ce, "In za ku yi haka, ku bari in biya jibi, ni da kaina zan zo in ɗauka."

A zama ɗaya ya rushe mana shirin wata biyu. Ciwonsa girman katan ne da kwana biyun biya, sufuri na bayansu. Wannan ba a kanmu aka fara ba. M-Pesa ta Kenya, wadda duk duniya ke misali da ita, an fara gwada ta a 2005 a matsayin hanyar biyan bashin wani ƙaramin bankin talakawa mai suna Faulu. Masu gwajin suka lura mutane suna amfani da ita wajen tura wa juna kuɗi, abin da ba a tsara ba. Suka bi mutanen, a Maris 2007 kamfanin waya na Safaricom ya fito da ita a matsayin hanyar aika kuɗi gida.

Kafin ka wuce nan, ka rubuta matsalar cikin jimla ɗaya, da kalmomin mai sayen. Idan jimlar ta fara da "kamfaninmu yana buƙatar", ka koma kasuwa.

Mataki na 3: Mutane kaɗan, a sake su gaba ɗaya, a ba su uba

Mutum uku ko huɗu sun isa. Ka nemi wanda ya san masu saye da sunayensu, da wanda ya iya haɗa abu da hannunsa, ko manhaja ce ko tsarin kai kaya, da wanda lissafi ba ya ba shi tsoro. Kada a zaɓa da girman muƙami. Ka nemi wanda ya saba gyara abu ba tare da an sa shi ba, irin ma'aikacin da wani lokaci ake cewa ya cika shisshigi. Kuma idan masu sayenku mata ne, ko mata ne ke riƙe da kuɗin cefane, dole a samu mace a cikin tawagar, don akwai zauren da namiji ba ya wucewa.

Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne a sake su daga tsohon aikinsu gaba ɗaya, a rubuce, a naɗa masu riƙe musu. Taura biyu ba ta taunuwa. A karonmu na farko an ce mu yi rabi da rabi. Da azumi ya gabato, lokacin da sukari da mai ke fita kamar ruwa, aka kira biyu daga cikinmu su koma magaza "na mako biyu". Ba su dawo ba sai bayan babbar salla. Ban ga laifin shugaban magaza ba, nasa aikin yake karewa. Laifin na tsarin ne da ya bar ƙofar a buɗe.

A ba su wurin zama nasu, ko da ɗaki ɗaya ne a bayan magaza. A 1943 kamfanin jiragen sama na Lockheed ya ware wani injiniya, Kelly Johnson, da ƴan mutanensa a gefe, suka ƙera jirgin yaƙi cikin kwana 143. Nestlé ma a 1986 ya cire Nespresso ya mai da shi kamfani mai cin gashin kansa, saboda tsarin da ke sayar da Nescafé a kowane kanti bai dace da sayar da injin haɗa kofi ba.

Sai uba. Ina nufin babban mutum guda a cikin shugabanni, wanda maganarsa ke da nauyi a wurin maigida, wanda tawagar za ta iya kira da dare. Aikinsa ya buɗe ƙofar da ta cije, ya tare kiran "na mako biyu", ya zauna da su minti 30 kowane mako. Mutum ɗaya, ba kwamiti ba.

Mataki na 4: A saki kuɗi ƙofa-ƙofa

Kuɗi da yawa a farko yana kashe sabon aiki kamar yadda rashinsa ke kashe shi. Da zarar an ba ka miliyan 50 na sefa, sai ka sayi mota, ka buga allon talla, ka ɗauki sakatare, kuma daga ranar ba ka da bakin cewa ka yi kuskure.

Ni abin da nake ba da shawara shi ne ƙofa uku. Ta farko, kuɗin yawo da tambaya, abin da bai wuce jika 500 ba, na wata ɗaya. Ta biyu, kuɗin gwaji da masu saye na gaske, miliyan 2 zuwa 5, na wata uku. Ta uku ce kaɗai ke ɗauke da jari mai nauyi, kuma ba a buɗe ta sai an ga mutane sun biya, sun dawo sun sake biya. Adadin zai bambanta da girman kamfani. Abin da bai kamata ya bambanta ba shi ne a rubuta tun farko abin da za a nuna kafin a buɗe kowace ƙofa, kuma kuɗin da aka saki ya zauna a asusu na daban wanda shugaban tawaga zai iya taɓawa da sa hannunsa da na uban aikin. Idan kuɗin yana cikin babban asusu, ranar da aka matsu wajen biyan kwastan ko cike gurbin kayan da suka makale a hanya, shi za a fara ɗiba. Raƙumi ya shanye ruwan ƴan tsaki ke nan, kuma shi raƙumin ko ƙishirwarsa ba ta kwanta ba.

Mataki na 5: Ka gwada da hannu, da kuɗin gaske

Nan ne zuciyar aikin. Kada ka gina komai da za ka iya yi da hannu. Kada a ɗauko mai haɗa manhaja tukuna. Lambar WhatsApp ɗaya, littafi ɗaya, babur na haya, shaguna 15 a unguwa ɗaya. A karo na biyu haka muka yi, kuma a Tahoua muka yi, inda kamfanin ke da ƙaramar magaza. Mun zaɓi can da gangan: nesa da idon manyan ofisoshi, kuma gari ne da in ka saɓa alkawari da safe, kafin la'asar labari ya zaga kasuwa, don haka ba ka da inda za ka ɓoye wa gaskiya.

Da yamma masu shaguna su turo saƙon murya su faɗi abin da suke so. Da asuba mu buɗe katan-katan a kan tabarma, mu raba, mu haɗa wa kowa nasa a buhu, mu rubuta sunansa da alli. Wanda ya biya a kan lokaci sau uku, a ƙara masa kwana ɗaya a wa'adin biya. Wanda ya saɓa sau biyu, ya koma biya nan take. Duk tsarin ke nan. Abin da muka koya a wata ɗaya bai taɓa fitowa a taro ba: cewa yawancinsu saƙon murya suke so ba rubutu ba, cewa ranar kasuwar Lahadi oda tana ninkawa, cewa biya yana sauƙi a makon da kuɗin ƴan ci-rani ya iso daga Abijan da sauran wurare, ya yi nauyi a wasu makonnin. Da mun fara da manhaja, da mun gina ta a kan zato.

Dokoki uku na gwaji. A karɓi kuɗi tun rana ta farko, don "wallahi abin nan ya yi kyau" ba ciniki ba ne. Mutanenmu suna da kara, ba za su kushe maka abu a gabanka ba. A canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, farashi ko yawan kwanaki ko unguwa, don a san wanne ne ya yi tasiri. Kuma a sa abin a hannun mutane. Kamfanin 3M ya sha wannan darasi da ƴan takardun nan masu manne da ake kira Post-it. An gano gam ɗin a 1968, aka rasa abin yi da shi shekaru. Da aka fara kai takardun kantuna a 1977 ba su karɓu ba, don ba wanda ya san amfaninsu. Sai da aka raba su kyauta a ofisoshin wani gari mai suna Boise, mutane suka taɓa suka saba, sannan aka fitar da su a duk Amurka a 1980.

Ka kuma yi hattara da kwafo abin da ya yi nasara a wata ƙasa. Aika kuɗi ta waya ya zo Nijar da wuri. A 2010, lokacin fari, ƙungiyar Concern ta yi amfani da Zap na kamfanin Zain wajen kai tallafin kuɗi wasu ƙauyukan jihar Tahoua. Amma bai mamaye ƙasar yadda M-Pesa ta mamaye Kenya ba. A nan kamfanonin aika kuɗi masu kanta a kowace unguwa da kowace tasha, irin su Nita da Al Izza da Amana, su mutane suka fi sabawa da su. Kama da wane ba ta wane. Abin da ka karanta game da Nairobi zato ne har sai ka gwada shi a kasuwar Katako ta Yamai.

Mataki na 6: Ka yi sulhu da tsofaffin sassa tun kafin rigima

Wannan ne matakin da ya kashe aikina na farko, don haka zan daɗe a kansa.

Mun buƙaci babur biyu. Tsarin sayayya na kamfanin ya ce sai an kawo farashi daga wurare uku, sai takarda ta bi tebur huɗu, kowanne da hatiminsa. Tsarin yana da dalili: an yi shi ne don sayen tirela da ɗaruruwan tan na shinkafa, inda kuskure ɗaya zai iya girgiza kamfani. Amma mu mako bakwai muka yi muna jiran babur, masu shagunan da muka yi wa alkawari suka daina ɗaga mana waya. Sannan kwamfutar lissafi ba ta san rabin katan ba, ba ta iya fitar da rasit ɗinsa. Kontabul, mai riƙe da lissafin kamfani, ya ce ba zai bar kaya su fita ba rasit ba, kuma yana da gaskiya. Shugaban sashen ciniki kuma ya ji cewa muna zagaye manyan dilolinsa muna sayar wa yaransu kai tsaye, alhali da cinikin dilolin nan ake auna kamashonsa. Ba wanda ya yi mana mugunta. Kowa ya yi aikinsa daidai, a tsakanin daidai ɗin nasu aikinmu ya shaƙe.

A karo na biyu, kafin mu raba katan ko ɗaya, ni da uban aikin muka zaga su ɗaya bayan ɗaya. Ga abin da za ka nema a wurin kowa. A wurin sashen sayayya, a sa iyaka: duk abin da bai kai kaza ba, tawaga ta saya da kanta ta kawo rasit cikin mako. A wurin kontabul, a buɗe wa tawaga shafi a matsayin mai saye guda. Ta sayi katan cikakke daga magaza a farashin da aka amince, abin da ta yi da shi bayan nan a littafinta yake, kontabul ya duba littafin kowace Juma'a. A wurin sashen ciniki, a lissafa cinikin tawaga a cikin na shugaban yankin na shekarar farko, don ya zama riba gare shi. Da muka yi haka, mutumin da nake tsoron zai tare mana hanya shi ne ya riƙa nuna mana shagunan da za a iya yarda da su.

Ka je wurinsu da girmamawa. Kontabul da ya shekara 20 yana tsare dukiyar kamfani ya ga irinka da yawa sun zo da zumuɗi sun tafi sun bar masa ramuka. Ka tambaye shi ta ina yake ganin za a cuce ku. Amsarsa za ta fi ta kowane mai ba da shawara na waje amfani. Kuma ka rubuta abin da za ku ara daga uwar kamfani, suna ko magaza ko mota, da abin da za ku biya a kai, don kada ku ɗauka kuna cin riba alhali wani ne ke biya muku haya da mai.

Mataki na 7: Ma'auni na daban

Ba a auna jariri da buhu. A watannin farko a bar maganar jimillar ciniki, a duba abu uku: cikin waɗanda suka saya, nawa suka dawo; a kan kowace oda, bayan an cire mai da ladan mai babur da kayan da suka lalace, saura nawa; sai bashin da aka bayar, nawa ya dawo a kan lokaci. Rahoton ya zama shafi ɗaya kowane mako, a sama a rubuta abin da muka zata da abin da muka tarar.

Mataki na 8: Doka, tun da wuri

Ka shigo da lauyan kamfani a ƙofa ta biyu, kada ka jira ta uku. Idan sabon abin ya shafi ajiye kuɗin mutane ko tura shi ta waya, wannan hurumin babban bankin BCEAO ne, sai da izininsa ko ta hanyar haɗa kai da banki ko kamfanin da ke da izinin. Idan za ku tara sunaye da lambobin wayar masu saye, akwai dokar kare bayanan mutane da hukumarta, HAPDP. Idan kun fito da suna ko tambari, ku yi masa rajista a OAPI, hukumar kare mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde. Rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17, kuma a can aka yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar tasu. A kuma rubuta tun yanzu wa ke da mallakar abin da ma'aikaci ya ƙirƙiro a bakin aiki. Zumunci da yawa ya lalace a kan wannan.

Ba kuma dole ne komai ya fito daga cikin gida ba. Cibiyar CIPMEN a Yamai tun 2014 take rainon ƙananan kamfanoni, kuma ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni da ta Djibo Hamani a Tahoua suna neman inda za su gwada abin da suka koya. Idan kun ɗauko su, ku biya su a kan lokaci. Ƙaramin kamfani ba ya iya jiran wata uku kafin a biya shi.

Mataki na 9: Ranar hukunci

A sa ranar tun farko. Idan ta zo, hanya uku ce: a rufe, a mayar da aikin cikin wani tsohon sashe, ko a cire shi ya zama kamfani.

Idan rufewa ce, a rufe da mutunci. A biya duk wanda ake bi, a je a gaya wa masu saye baki da baki, a rubuta abin da aka koya a shafi biyu a ajiye inda na gaba zai gani. Mutanen tawaga su koma muƙamin da bai gaza wanda suka bari ba, kuma maigida ya gode musu a gaban jama'a. Duk ma'aikata suna kallo. Da aikinmu na farko ya mutu, an mayar da ɗaya daga cikinmu wani lungu, yaro mai hazaƙa, bai shekara ba ya ajiye aiki. Bayan haka an daɗe kafin wani ya sake ɗaga hannu a taro.

Idan sabon abin yana amfani da masu saye iri ɗaya da kaya iri ɗaya da uwar kamfani, a mayar da shi ciki, amma da mutanensa da littafinsa da ma'auninsa na aƙalla shekara guda. Idan masu sayensa daban ne, ko yana buƙatar saurin da gidan ba zai iya ba, a cire shi. Dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta wasu ƙasashen Afirka wadda Nijar ke ciki, tun gyaran 2014 ta kawo nau'in kamfani da ake kira SAS, wanda ke ba masu hannun jari damar tsara yadda za su tafiyar da shi da kansu. Akwai kuma nau'in SARL da aka saba, inda asarar kowa ba ta wuce jarin da ya zuba ba. Rajistar kasuwanci da lambar haraji ana yin su a Maison de l'Entreprise. A nan ne ake maganar rabon waɗanda suka yi wahalar. Ko kaso a hannun jari, ko kaso a ribar shekarun farko, a rubuta shi kafin a san girman abin, lokacin da zukata ke kwance.

Namu na Tahoua ciki aka mayar da shi. Sai bayan wata takwas muka kira mai haɗa manhaja, muka ajiye masa littattafai uku da suka cika, muka ce ya gina abin da ke ciki, ya bar wa masu shaguna saƙonsu na murya. Kontabul ɗin nan da ya hana kaya fita ba rasit, shi ya zauna da shi kwana biyu har kwamfutar kamfanin ta koyi rubuta rabin katan.